Abin Murɗawar Salisu Injiniya

Ku gyara zama. Mai goro ya ɓantara ya miƙa wa na kusa da shi. Labarin yau babu kura a ciki, babu aljani, babu ɗan sarki. Mota ce, da rediyo, da wani ɗan'uwanmu da Allah Ya yi wa baiwar baki.

A tashar Birnin Kudu, wajen da ake lodin Gwaram, akwai wani direba mai suna Salisu, ana ce masa Injiniya. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba. Ya taɓa tafiya Kano koyon gyaran waya, bai daɗe ba maigidan ya rako shi har bakin titi, ya yi masa addu'a, ya roƙe shi don girman Allah kada ya dawo. Da ya iso gida sai ya sa aka rubuta INJINIYA a gilashin bayan mota da manyan baƙaƙe, yadda ko mai ciwon ido zai karanta daga nesa.

Motar ma ba tasa ba ce. Sharon ce ta Bappa Manu, ƙanin mahaifinsa, dillalin albasa, mutum mai cikar halitta, wanda in ya zauna a wannan ƙarshen benci sai na wancan ƙarshen ya yi salati.

Kada ku ɗauka Salisu mugu ne. Tsohuwa in ta shiga motarsa, har ƙofar gida yake kai ta ya sauke mata kaya. Bakinsa ne kawai aka manta ba a sa wa birki ba.

To, Salisu yana neman auren Fiddausi, malamar Islamiyya a Gwaram, 'yar Malam Ubaidullahi. Ita ma tana sonsa, kuma wannan yana cikin abubuwan da har yau masana ba su gano dalilinsu ba. Ranar da ya fara zuwa gaida mahaifinta, Malam ya tambaye shi sana'arsa.

"Injiniya ne ni, Allah ya gafarta Malam. Fannin na'urori."

"Na ji kamar an ce kana tuƙi."

"Motata ce, Malam. Nakan ɗan zaga da ita don motsa jini."

Malam ya ce madalla. Ya shiga cikin gida, ya fito rungume da wani tsohon rediyo baƙi, an ɗinka masa rigar fata. Da rediyon nan Malam ya ji sanarwar an ba mu Jihar Jigawa, tun gemunsa yana baƙi, kuma daga ranar bai taɓa karyawa da safe ba sai rediyon na gefensa yana ba shi labarin duniya.

"Kwanan nan yana shaƙewa," in ji Malam. "Ko za ka duba mini?"

"Wannan? Malam, ai kafin shayi ya huce na gama."

Shayi ya huce. Damina ta shigo ta fita. Rediyon Malam yana ɗakin Salisu, rabi a cikin kwanon sha, rabi a cikin tsohuwar hula, ban da wasu 'yan ƙananan kusoshi da kaza ta riga ta yi gaba da su. Duk sanda Malam ya tambaya, amsa ɗaya ce: an aika Kano neman wani ƙarfe, daga waje ake zuwa da shi.

Ana cikin haka Salisu ya samo kwamfutar mota a hannun wani mai gwanjo, ya cire tsohon kaset ɗin Bappa ya dasa ta a gurbinsa. Gilashi ne mai faɗin tafin hannu biyu. Tana sa karatu, tana sa waƙa, tana nuna fim. In ka haɗa ta da wayarka, sai ka yi magana da mutum hannunka na kan sitiyari, muryarsa na fitowa ta sifikun mota. Salisu ya ƙara mata da wani makirufo da ya manna a rufin motar, mai ƙarfin da ko sauro ya yi tari sai ya ɗauka.

Matsala ɗaya ce. Da yatsa ake taɓa ta, ita kuwa hanyar Gwaram ba a shawarce ta ba. Ka nufi karatu da yatsa, rami ya kai ka waƙa. Ga shi Salisu a mota yake karyawa da ƙosai, har gilashin ya yi maiƙon da za a iya soya ƙwai a kansa. Ka taɓa, ta yi shiru. Ka sake taɓawa, ta kira maka wani mutum a Dutse da kuka yi faɗa bara.

Wata rana yana zaune a benci a tasha, sai ya ga hoton wata motar Jamus a waya. Direban ba ya taɓa gilashi. Wani ɗan abin murɗawa ne a tsakanin kujerun gaba, yana juya shi da yatsu biyu kamar mai ɗanɗana gishiri, kwamfuta na yi masa biyayya. Salisu ya miƙe tsaye.

"Jama'a, ku shaida! Abin da Jamus suka yi da kamfani guda, ni zan yi shi a zauren gidanmu."

Ɗanladi, taubashinsa, shi ma direba ne a layin, yana kwance a bencin da hula a fuska. Bai ko ɗaga ta ba ya ce, "Allah ya tsare zauren."

"Kai baƙin ciki zai kashe ka."

"Ni gobara nake tsoro. Gidanmu na jikin naku."

Salisu ya je shagon masu buga takardu, ya karɓo ɗan ɓeran nan na kwamfuta da ake turawa da hannu, wanda suka jefar a kwali. Ya fasa shi, ya ciro 'yar tayar da ke cikinsa, ya jona mata wayoyi, ya zura a gwangwanin madara. Sai ya ɗauko gam ɗin nan mai ƙarfin tsiya, sufa gulu. An ce ɗigo ɗaya ake sawa. Salisu ya ce wannan na masu koyo ne, ya matse duka.

Da aka kira la'asar ya fito masallaci da gwangwani manne a tafin hannunsa na dama, wayoyi na lilo. Ya yi ta ɓoye shi a hannun riga, amma gwangwani ba ya jin lallashi. A wajen alwala mutane suka kewaye shi.

"Injiniya, sabon agogo ne?"

"Gwaji nake yi. Ana auna ƙarfin riƙo."

"To ya riƙe?"

Aka kira limamin unguwa, Malam Buba, dattijo siriri mai magana a hankali, aka tambaye shi ko alwala za ta yi a haka. Liman ya sunkuya ya duba gwangwanin ta sama, ya duba ta ƙasa, ya ƙwanƙwasa shi da farce.

"A littattafan da na karanta," in ji shi, "an yi maganar zobe, an yi maganar ɗauri a kan rauni. Ban ci karo da babin gwangwanin madara ba."

Yayarsa Zuliha ce ta raba su da ruwan zafi da kananzir, gwangwani ya tafi da rabonsa na fata. Sakayyar da ya yi mata kuwa, ku saurara. Na'ura ta haɗu, saura kan da za a riƙa kamawa a murɗa. Ya gwada murfin jarka, ya tsage. Sai ya leƙa kicin, ya ga rishon Zuliha, ya zare abin da ake murɗawa a rage wuta.

Washegari da hantsi yana tsakiyar nuna wa direbobi aikin, sai ga Zuliha ta ratso tasha da mayafi a karkace, muciya a hannu, ƙaurin tuwo na binta.

"Salisu! Ina kan rishona?"

"Yaya, a hankali, muna cikin taro."

"Taron uban wa? Wuta ta kama lagwani na rasa abin rage ta, tukunya ta ƙone har gindi!"

"Ci gaban kimiyya sai da sadaukarwa, Yaya."

"To ka sadaukar da naka tuwon. Yau da gobe kimiyya za ka ci."

Ta zura hannu ta tagar mota ta fizge abinta, ta nuna shi da muciya, ta juya. Ɗanladi ya ce a rubuta, wannan ne karo na farko da aka ga na'urar Jamus ta koma kicin.

Salisu ya koma ɗaki ransa a ɓace. Idonsa ya faɗa cikin kwanon shan nan. Ga abin murɗawar rediyon Malam, wanda ake kamo tasha da shi: baƙi, mai zoben azurfa, ya yi sumul saboda shekarun da ya yi a hannun mai shi. Ya ɗauka ya gwada. Ya zauna daram kamar don gwangwanin aka yi shi.

"Aro ne," in ji Salisu, duk da babu wanda ya tambaye shi.

Ya gasa ƙusa a wuta, ya huda motar Bappa a tsakanin kujerun gaba, dab da birkin hannu, ya dasa gwangwanin a ramin, baƙin kan ya leƙo sama. Ya tara 'yan tasha.

"Ku buɗe ido. In na murɗa dama, murya ta ƙaru. In na murɗa hagu, ta ragu. In na danna sau ɗaya, ta canza abin da ake ji. In na danna na riƙe, ta kira mini wanda na kira na ƙarshe. Ko kallonta ba sai na yi ba."

Ya murɗa, ya danna. Abin mamaki, ta yi. Wallahi ta yi. Har mai shayi ya bar tukunyarsa ya zo kallo. Salisu ya kumbura har maɓallin rigarsa na neman agaji.

Ɗanladi ya leƙo ya daɗe yana duba wurin. "Taubashi, nan fa fasinja na biyu yake zama."

"A Jamus nan suke sawa."

"A Jamus mutum nawa ne a kujerar gaba?"

"Kai yanzu Jamus za ka koya wa aiki?"

"A'a. Su zan tambaya ko sun taɓa ganin Bappa."

Kun san dai yadda lodinmu yake. Kujerar gaba ta mutum biyu ce tun kakanni: ɗaya a jikin ƙofa, ɗaya rabinsa a kujera rabinsa a kan birkin hannu, direba na sa giya yana ba shi haƙuri. Amma Salisu ya ce shi daga yau motarsa ta bar wannan ƙauyanci.

Ana haka sai ga ranar da manya za su je Gwaram neman auren Fiddausi ta zo. A al'ada mai neman aure ba ya bin manya, gida yake zama yana jiran labari. Ɗanladi aka ce ya tuƙa. Salisu ya ce ina, na'urar ba ta san hannun kowa ba sai nasa, shi zai kai su, ya zauna a mota har su gama. Gaskiyar magana so yake mutanen Gwaram su leƙo su gani.

Abin da bai sani ba, ranar ta dace da kasuwa, kuma Bappa Manu bai taɓa yarda motarsa ta je Gwaram da iska a ciki ba. Kafin Salisu ya gama fesa turare, an cika baya da buhunan albasa har rufi. Kujerar tsakiya ta ɗauki Ɗanladi da dattawa biyu na dangi, da kwandon goro da katan ɗin alewa a cinyoyinsu. Saura Bappa da Liman, saura kujerar gaba.

"Liman, bismillah, jikin ƙofa," in ji Bappa.

"Haba Alhaji, kai da motarka."

"Ni in zauna a sarari, malami a matse? Allah ya kiyaye."

Salisu ya ce, "Bappa, da ka bari an sauke buhu biyu..."

"A sauke ka dai. Buhu ya taɓa yi mini ƙarya?"

Bappa Manu ya tattara babbar riga, ya shiga, ya sauka a tsakiya gaba ɗayansa. Na'urar Jamus ta ɓace kamar ba a taɓa yin ta ba.

Kafin su tashi Salisu ya kira Malam Ubaidullahi ya ce, cikin ladabi, ga manya nan sun taso. Ku riƙe wannan a ranku. Ya sa karatu a hankali, suka hau hanya.

Ramin farko, Bappa ya tashi sama ya dawo. Karatu ya yanke, sai kiɗa. Gilashi ya cika da 'yan mata suna rawa da gyale a kugu.

"A'uzu billahi!" in ji Liman. "Salisu, neman aure za mu ko gidan gala?"

"Tana gwada kanta ne, Liman." Ya zura hannu ƙarƙashin rigar Bappa yana lalube.

Bappa ya make hannun. "Kai! Me kake nema a jikina?"

"Kwantirol, Bappa."

"Riƙe sitiyari kafin in yi maka kwantirol."

Rami na biyu, wa'azi. Na uku, tallar maganin basir, da ƙarfin da har akuyoyin bakin hanya suka watse. Na huɗu, 'yan matan suka dawo, sun ƙaro wasu. Liman ya zare ƙyallen da ke kafaɗarsa ya lulluɓe gilashin ruf, ya danne gefensa da carbi.

Suka sha wata kwana, Bappa ya karkata hagu, ya murza. Murya ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta ɗauke ɗif.

"Kun gani?" in ji Salisu. "Ta gane akwai manya a ciki, ta kama bakinta. Haka na tsara ta."

"Da ka tsara kanka haka," in ji Ɗanladi daga baya.

Bappa ya gyara zama, ya saki nauyinsa duka wuri ɗaya, ya daɗe a haka.

Yanzu ku bar su a hanya, mu riga su Gwaram. An share ƙofar gidan Malam, an shimfiɗa tabarmi a zaure, 'yan'uwa da maƙwabta sun hallara. Har Alhaji Izzuddeen, kawun Fiddausi, ya zo daga Maruta tun safe, mutum mai son raha. Sai wayar Malam ta yi ƙara. Salisu ne.

"Salamu alaikum," in ji Malam. Shiru, sai ƙugin inji. "Salamu alaikum. Salisu?"

Zai kashe ke nan sai ya ji muryar wani babban mutum, tas kamar a zauren yake: "To kai Salisu, in Malam Ubaidullahi ya tambaye mu sana'arka, me za mu ce?"

Malam ya ɗaga yatsa zai katse. "Sauraren hirar mutane ba kyau."

Alhaji Izzuddeen ya riƙe masa hannu. "Kai ka kira su? Su suka kira ka. Kashe wa baƙo waya ai rashin ladabi ne. Buɗe muryar kowa ya amsa sallama."

Aka buɗe, aka ajiye wayar a tsakiyar tabarma.

"Injiniya za ku ce," in ji muryar Salisu.

"Ni da girmana ba zan yi ƙarya ba," in ji Liman.

"To in an zo wajen ka yi tari, Bappa ya amsa. Bappa, motar kuma ka ce tawa ce. Na yini ɗaya kawai."

"Motata? Albasa ta ci mini ido shekara da shekaru kafin in saye ta, yau in ba ka ita da bakina?"

Sai muryar Ɗanladi, mai daɗi kamar zuma, irin ta mai tono: "Taubashi, in ya tambayi rediyonsa fa?"

Salisu ya ƙyalƙyale da dariya. "Rediyo ai ya riga mu gidan gaskiya. Rabi a kwano, rabi a hula, sauran a cikin kaza. Kai, kun san abin da Bappa yake zaune a kai yanzu haka? Abin murɗawar rediyon Malam ne. Ya gama kamo wa tsoho labarin yaƙin ƙasashen da bai san hanyarsu ba, yau ya samu aikin yi."

A zaure kuwa, Malam ya shafa gemunsa sau ɗaya, a hankali.

"Shi ne abin da ke sukata tun Birnin Kudu?" in ji Bappa. "Tsaya. Da me ka dasa shi? Huda mini mota ka yi?"

"Ƙaramin rami ne, Bappa."

Nan layi ya yanke, an shiga wajen da babu sabis. Zaure ya ɗauki "kash!" gaba ɗaya. Ba a jima ba motar ta faɗa wani ramin, Bappa ya tashi ya dawo ya danne, wayar ta sake ƙara.

"Ɗauka, Malam," in ji Alhaji Izzuddeen. "An dawo daga talla."

"...mutumin da ne," Salisu yana cewa. "Ka ce masa daga waje ake zuwa da ƙarfen, sai ya ce Allah ya kawo shi lafiya. Zan iya jan sa a haka har a yi sunan ɗanmu na fari."

"Amma dai suna karrama ka," in ji Ɗanladi. "Na ji kullum sai an dama maka fura."

"Fura? Ruwan batir dai. In na kurɓa, sai na ji haƙorana suna caji."

Daga bayan labulen zaure aka ji wata murya ta ce, "Iye?" Inna Jummai ce, mahaifiyar Fiddausi, wadda ta zo leƙen ko baƙi sun iso. Ta miƙo hannu. "Malam, a ba mu aron wayar nan. Mu ma mata muna da haƙƙi a shirin."

Aka miƙa mata, ta shige da ita cikin gida, layi a buɗe.

Da Sharon ta tsaya a ƙofar gida, Salisu ya ga jama'a sun cika titi, kowa na murmushi. Ya ce wa Ɗanladi, "Ka gani? Labarin na'ura ya riga mu."

"Da alama," in ji Ɗanladi.

Malam Ubaidullahi ya fito da kansa har bakin mota, ya jira Liman ya sauka, ya kama hannun Bappa ya taimaka masa ya fito.

"Maraba da Alhaji Manu, mai mota. Sannu da hanya. Ya ƙugu? Na ji tun Birnin Kudu ake sukarka."

Malam ya juya wajen Liman.

"Liman, sannu. Ga ruwa can, ko da tarin zai taso."

Liman ya ce, "Inna lillahi."

Aka fito da ƙwaryar fura, aka bi manya da ludayi ɗaya bayan ɗaya. Matar da ta kawo ta tsaya a saitin tagar direba ta ce, "Inna ta ce ban da Injiniya, kada cajin ya yi masa yawa."

Titi ya fashe da dariya. Salisu ya kai hannu a hankali ya ɗaga ƙyallen Liman. A gilashi ga sunan nan ɓaro-ɓaro: MALAM SURUKI. Kira na tafiya.

Malam ya zagayo, ya sunkuya ta ƙofar da Bappa ya fito, ya dubi baƙin kan mai zoben azurfa kamar mai duban ɗansa da aka tsinto a kasuwa.

"Ashe ƙarfen ya iso daga waje," in ji shi. "Allah ya kawo shi lafiya."

"Malam, wallahi... gwaji ne... ina auna..."

"Ka auna. Tun da ka karɓe mini rediyo ban ji shiri mai daɗin na yau ba. Ko shaƙewa bai yi ba."

Ya kama abinsa, ya murɗa dama iya ƙarfinsa, ya fizge. Ya sa a aljihu, ya juya wajen manya, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Alhaji Manu, kun zo da girmanku, ba zan kore ku ba. Goro ku koma da shi kada ya bushe. Ranar da rediyona ya yi magana, ku dawo mu ma mu yi magana."

Kun tuna dama ce ke ƙara murya. Kun kuma tuna inda wayar Malam take. Sifikun motar, da suka yi shiru tun daga hanya, suka buɗe gaba ɗaya, har gilasai na rawa.

"Kin ji Babanki," muryar Inna Jummai ta cika unguwa. "Wai sai rediyo ya yi magana."

Sai muryar Fiddausi, a nutse, irin wadda take karantar da yara da ita: "Inna, in dai Salisu ne zai gyara shi, ku sayar da gadon da kuka saya mini, ku sayo mini sanda da tabarau."

Wata tsohuwa a cikin gidan ta rangaɗa guɗa.

"Ni tun farko na ce masa ya faɗi gaskiya," Fiddausi ta ci gaba. "Direba na gani na ce ina so. Wa ya aike shi injiniya? Mutumin da ya gyara mini tocila, har yau in na kunna sai ta yi ɗumi kawai."

Alhaji Izzuddeen ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Salisu ya kai hannu zai rage murya, babu abin murɗawa, sai ɗan tsinken ƙarfe. Ya taɓa gilashi, maiƙon ƙosai ya ce bai san zancen ba. Ya cusa hannu ya fizgo wayoyi damƙi guda. Muryar mata ta ɗauke, hon ya kama, ya ƙi saki. Karnuka suka amsa. Sai da Bappa Manu ya buɗe gaban mota da kansa ya cire kan batir, sannan Gwaram ta samu lafiya.

Da aka mayar da kan batir, mota ta ce ita ma ta gama magana. Haka aka fita daga unguwar: Salisu a sitiyari ya sunkuyar da kai, Ɗanladi da dattawa da Liman suna turi, tafukansu a kan INJINIYA, Bappa na biye yana lissafa wa Salisu kakanninsa, albasa na kallon kasuwa tana watsewa.

"Taubashi," in ji Ɗanladi yana haki, "a Jamus ma haka ake tura ta?"

A makon nan Bappa ya shiga ɗakin Salisu ba sallama, ya kwashe kwano da hula, ya kai su Kano da kansa. Ya dawo ya sa reza ya kankare rubutun gilashin baya. Rediyo bai yi magana ba sai bayan kaka, kuma da ya yi, aka sake ɗaukar goro. Ranar ɗaurin aure, da aka zo wajen bayarwa, Malam ya ce, "Na ba Salisu direba auren Fiddausi," ya ɗan tsaya, ya sake cewa, "direba," don kada shaidu su yi kuskure. Liman bai yi tari ba.

Yanzu haka suna nan Birnin Kudu lafiya lau. Sai dai in Fiddausi za ta fita makaranta, takan zare kan risho da na fanka ta ƙulle a bakin mayafi ta tafi da su. Salisu kuwa, in ka same shi a benci, zai tambaye ka ko a duk faɗin Jigawa ka taɓa jin wanda ya ƙera na'urar da ta kai neman aure kafin manya su isa.

Iyakar abin da ya shiga kunnena ke nan, na juye muku shi ban rage ba. Wanda bai yarda ba ya je tasha ya nemi Sharon ɗin Bappa Manu, ya shiga gaba, ya zauna a tsakiya. Ramin yana nan. An toshe shi da albasa.